Sabulu a Kan Turmi

Ni ban shiga ajin boko ba ko na yini ɗaya. Abin da na faɗa shi ake rubutawa, kuma na ce kada a sa sunan kowa, ko na mai rai ko na wadda na wanke. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Shekara talatin da 'yan kai ni ke wankan gawar mata a ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Kagoro, ta hanyar da ke fita Manchok. Wanda bai taɓa aikin ba yana tsammani ruwa ne da soso kawai. Wankan ai shi ne mai sauƙi. Aikin yana cikin ɗan lokacin nan da rai ya fita, jiki bai riga ya sandare ba. A nan ake rufe ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a miƙe ƙafafu, a kwantar da hannuwa. In kika yi jinkirin da tukunyar wake za ta nuna, kin soma makara. Yadda mace ta kwanta haka za ta tafi, baki buɗe, gwiwa a naɗe, 'ya'yanta su zo daga Kaduna su ga abin da ba za su taɓa mantawa ba.

Shi ya sa ba a jiran kuka kafin a kira ni. In aka ga numfashin mai jinya ya canza, ƙafa ta soma sanyi, sai mace ɗaya daga gidan ta zo wurina. Ba ta cewa komai a kan abin da ya kawo ta. Sabon sabulu za ta ajiye a kan turmina da ke kife a tsakar gida, ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi kaji da awaki, ta tafi. Ni kuma in ɗauki zanen aiki in bi ta hanyar gona, in shiga ta bayan gida, in ɗora ruwa a kicin, in zauna in jira. Wani lokaci mai jikin ta farfaɗo ta nemi kunu. Sai in sauke ruwan in koma gida, babu wanda ya san na zo sai wadda ta kira ni.

A wurinmu abin kunya ne a ce kin aika wa mai wanka alhali mutum yana numfashi. Dangin miji za su ce kin gaji da jinya, gaggawa kike yi. 'Yan addu'a za su ce kin yanke ƙauna, rashin bangaskiyarki ne ya buɗe wa mutuwa ƙofa. Maza kuwa yawancinsu ba su ma san da zancen sabulun ba. Su dai sukan shigo su tarar da uwarsu a miƙe, fuska a kwance kamar mai barci, su ce Allah ya ba ta mutuwa mai kyau.

Ban tashi da wannan aikin ba. Da aka kawo ni gidan miji, gani nake ni ce mace marar amfani a duk ikilisiyarmu. Ajin baftisma da ka na haddace shi, na ci, to daga nan sai me? Na je kwaya, mai koyar da waƙa ya saurare ni sau ɗaya ya ce, "'Yar'uwa, ke dai ki riƙa tafi, Allah yana jin tafi ma." In an ce a buɗe littafin waƙa sai in leƙa na maƙwabciyata in riƙa motsa baki. In aka ce in yi addu'a a zumuntar mata, Hausar ta gudu, yarenmu ma ya bi ta. Kowace shekara kuma sai an yi wa'azi a kan baiwa, cewa babu wanda Ubangiji ya kira ya bar shi hannu wofi. In koma gida ina surfen acca ina tambayarsa, to ni ina tawa? Shekara bakwai ina wannan tambayar.

Ranar da uwar mijina ta rasu, tsohuwar da ke wanka a lokacin ta leƙo daga ɗaki. Guntuwar mace ce mai garin taba a leɓe. Ta dubi matan da ke birgima a tsakar gida, ta dube ni ina tsaye jikin rumbu, ban yi kuka ba, kallo kawai nake.

"Ke mai idon nan, zo."

Na je.

"Tsoro kike ji?"

"A'a, Kaka."

"Ƙarya kike, amma shigo. Riƙe mata kai. Riƙe da kyau, ba kabewa ba ce."

Uwar mijina kuwa, tunda na zo gidanta ko miyata ba ta taɓa yabawa ba. Amma da kanta ya kwanta a tafin hannuna, da nauyinsa da sauran ɗuminsa, sai na ji wani tausayi da ban san ina da shi ba. Hannuna bai yi rawa ba. Tsohuwa ta lura.

Bayan wata biyu, ranar Ista da safe, aka karanta labarin matan da suka yi sammako da kayan ƙanshi za su gyara jikin Ubangiji Yesu. Na sha jin labarin, amma ran nan a hannuwana na ji shi. Na ce ashe akwai irina a ciki. Ba wa'azi suka je yi ba, ba waƙa ba, gawa suka je gyarawa, kuma su aka fara gaya wa ya tashi. Ban faɗa wa kowa ba, ko mijina. Da aka tashi sujada na bi tsohuwa har gida na ce ta riƙa kirana.

Shekara shida ina binta kafin ita ma na wanke ta. Ba mai yawan koyarwa da baki ba ce, amma abu ɗaya ta sa na yi mata alkawari a gaban Allah. Ta ce, "Abin da kika gani a jikin mace, tabon duka ne, ciwo ne da ta ɓoye wa miji, a ɗakin za ki bar shi. Wadda kuma ta kawo sabulu, ko Fasto ne ya tambaye ki, ba ki san ta ba."

Ina da ƙawa guda. Shekara ɗaya aka kawo mu garin nan aure. Ita ta yi makarantar mishan, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, daga baya ta zama uwar zumunta. Tana ce mini Yaya don na girme ta da damina biyu, ni ina ce mata Malama. In takarda ta zo daga wurin ɗana ita ke karanta mini. In na ji wata aya a wa'azi ban gane ba, wurinta nake zuwa ta buɗe ta sake karanta mini a hankali. Ɗaurin ɗankwalinta kuwa ranar babban taro ni ke yi mata, don hannunta bai san komai ba sai alli. Mijinta dattijon ikilisiya ne, mutum mai tsananin addu'a.

'Yarsu ta fari, wadda na goya a bayana, ta yi aure ta haifi biyu, sai ciwo ya kama ta. Aka dawo da ita daga asibiti a Kafanchan, likita ya ce a kai ta gida. Uban bai yarda da abin da wannan ke nufi ba. Ya tara 'yan addu'a a falo, aka ɗauki azumin kwana uku. Rana ta uku da la'asar ina tankaɗe, sai ga Malama. Ba ta gaishe ni ba. Ta ajiye sabulu a kan turmi, ta tsaya tana kallonsa.

"Yaya, ba na so ubanta ya gan ta baki buɗe."

A duk matan da suka taɓa kawo mini sabulu, ita kaɗai ta yi magana.

Na bi ta, na ɗora ruwa. Daga kicin ina jin muryoyinsu a falo suna roƙon Allah ya tashe ta. Kafin rana ta faɗi yarinyar ta tafi. Ni da uwarta muka gyara ta mu biyu, muka rufe ta da zane mai kyau, sannan aka gaya wa maza. Uban ya shigo ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kamar barci take." Washegari muka sa mata yunifom ɗin zumunta muka raka ta da waƙa.

Shekara shida bayan wannan, shekarar da citta ta ruɓe a gonaki, muka binne mata huɗu tsakanin shuka da kaka. Biyu tsofaffi ne, lokacinsu ya yi. Ɗaya wajen haihuwa ta tafi, ɗaya ciwon sukari. Amma mutanen da suka tona gona suka sami ruɓa da wari ba sa son jin cewa lokaci ne ya yi. Matasa suka matsa a gayyato wani mai wa'azi daga birni, a yi taron falkaswa na kwana uku. Ya zo da kwat mai sheƙi da lasifika biyu, da Turanci yake yi ana juya mana da Hausa. A gidan su Malama aka sauke shi.

Rana ta biyu da yamma muna filin majami'a ƙarƙashin mangwaro, sai ya tsaya cak ya rufe ido. Ya ce an nuna masa wata mace a garin nan wadda mutuwa ke aika wa saƙo. Ya ce kafin a yi kuka a gida ita tana ciki, ruwanta yana kan wuta. Ya ce ku tambayi kanku, wa ke gaya mata?

Babu abin da aka nuna masa. Zancen ruwa a kan wuta magana ce ta wanda ya gani da ido, wani ya ba shi a kan tuwo. Mai juya maganar, mutumin da na wanke uwarsa, ya ɗan yi tuntuɓe amma ya faɗa. Ban waiga ba. Benci yana da ƙarar da yake yi in mutane da yawa suka juya lokaci ɗaya, ita na ji. Matar da ke kusa da ni ta ɗauke jikanta daga tsakaninmu ta mai da shi ɗaya gefen.

Ranar Lahadi bayan sujada aka kira ni ajin da ake karatun baftisma. Baba Fasto yana nan, da dattawa, da shugabannin zumuntar mata a benci ɗaya. Fastonmu mutumin wajen Kachia ne, mai sanyin hali, bai daɗe da zuwa ba.

"Mama, sannu da zuwa. Ba shari'a ba ce fa, hira ce ta 'yan gida ɗaya."

"To, Baba. In hira ce, me ya sa ni kaɗai aka ajiye wa kujera a tsakiya?"

Sakataren ikilisiya, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shi ya karɓa.

"Mama, tambaya ɗaya ce tak. Wa ke gaya miki?"

"Kirana ake yi."

"Wa ke kiran?"

"Mutanen gidan."

"Wane mutum? Ki ba mu suna ɗaya, ɗaya kawai, mu tashi mu je mu ci abinci."

Na dubi bencin mata. Su bakwai ne, biyar a cikinsu sun taɓa ajiye sabulu a kan turmina. Ɗaya tana duban farcen ƙafarta kamar yau ya tsiro. Ɗaya ta kwance ɗankwali tana sake ɗaurawa. Ɗaya tari ya kama ta.

Na ce, "Ka tambayi iyayenka mata, ga su nan zaune."

Baba Fasto ya juya. "Iyaye mata, akwai wadda ta san wani abu a kan wannan?"

Shiru. Har kwanon rufi ina jin yana ƙara saboda zafin rana.

Sai mijin Malama ya miƙe. Ba mugun mutum ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Muryarsa a ƙasa take.

"Ni ba na zargin kowa. Amma shekara shida abu ɗaya yana cina. Ranar da 'yata ta tafi, muna falo muna addu'a, na fito in sha iska sai na ga hayaƙi a kicin. Azumi muke, babu mai girki. Na leƙa, na ga matar nan a zaune gaban tukunya. 'Yata tana da rai a lokacin, da kunnena na ji tarinta. Wa ya kira ta?" Ya juya wajen matarsa. "Maman yara, gidanki ne. Ke kika kira ta?"

Malama ta cire gilashinta ta soma goge shi da bakin zane. Ta daɗe tana gogewa.

"Ni ma a can na tarar da ita."

Maganar tana kan harshena. Har launin takardar sabulun ina tunawa. Da na buɗe baki da an gama, in tafi gida da sunana. Amma mutumin nan da sai ya shiga kabari yana cewa matarsa ce ta katse masa addu'a. Kuma daga ran nan babu wata suruka a garin da za ta sake yarda ta tako gidana. Kada wani ya ɗauke ni mai kirki. Ba don tausayin Malama na yi shiru ba, a lokacin da hannuna ya kai da na mare ta. Alkawari na yi, kuma ba ita na yi wa ba.

Na ce, "Baba, na gama magana."

Sakatare ya ce, "Kun gani ko? Ba ta da amsa."

Suka fitar da ni suka yi shawara, suka sake kirana. Sau uku Baba Fasto yana cewa ba horo ba ne. In huta dai tukuna daga shiga gidan rasuwa, in kuma dakata da cin Jibin Ubangiji, gurasar tarayya da ake raba wa masu bi a sujada, har a ƙara bincike. Lahadin da ta biyo baya aka karanta hukuncin a gaban jama'a, tsakanin sanarwar sharar majami'a da ta ɗaurin aure. Na tashi da ƙafata na koma bencin baya, na waɗanda aka hora, ban jira wani ya nuna mini ba.

Ba wanda ya jefe ni, ba wanda ya zage ni a fuska. In na je famfo sai a ba ni hanya in ɗiba ni kaɗai, kamar ana girmama ni. Gyaɗar da nakan soya in raba wa maƙwabta ta soma dawowa a kwanonta, wai sun ƙoshi. Ɗana ya bugo waya ya ce, "Mama, ki tattara ki zo Kaduna." Na ce in na tafi za su ce gudu na yi.

Bayan mako uku Malama ta zo, da tsakar rana, ta hanyar gona, da kwanon faten acca a rufe. Ina shanyar gero.

"Yaya."

"A nan ma tarar da ni kika yi?"

Ta ajiye kwanon ta durƙusa, ga ta da ciwon gwiwa.

"Yaya, ki yafe mini. Kin san halinsa. Har yau cewa yake da mun ƙara yini ɗaya da Allah ya ji mu. In ya san ni ce, ban san yadda zan zauna da shi a gida ɗaya ba."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba. Ni ban ce ki faɗi naki ba. Cewa kawai za ki yi, mu mata mun san yadda ake kiranta, ba maita ba ce. Ke ce uwar zumunta. Da kin faɗa sauran za su gyaɗa kai."

"Zai tambaye ni ta yaya na sani."

"Sai kika ga gara ni a tambaye ni."

Ta yi kuka. Na ci gaba da baza gerona.

"Ki ba ni lokaci, Yaya."

"Wa ya hana ki? Lokacin ai naki ne. Ni ce dai ba na cin jibi."

Ta bar kwanon ta tafi. Faten kaji suka ci. Kwanon na wanke shi na kai mata har bakin ƙofa na ajiye.

Kullum ina gaya wa Ubangiji na yafe, shi kuwa ya san a bakina maganar ta tsaya. Amma abin da ya fi cina ba sunan mayya ba ne. Tambayar da na ajiye shekara talatin ita ta dawo. In ikilisiya ta ce wannan ba kira ba ne, wa zai ce kira ne? Ko ni na ƙirƙiro wa kaina ranar Istar nan don in sami wurin tsayawa? Masu karatu in abu ya dame su sai su buɗe Littafi su duba. Ni mai buɗe mini ita ce ta ce a can ta tarar da ni.

Mata biyu suka rasu a watannin nan, dukansu 'ya'yansu masu hali ne, aka kai su mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, a Kafanchan aka dawo da su da hoda a fuska. Jama'a suka ce ai ga shi, ba a rasa komai ba.

Bayan Kirsimeti wata tsohuwar gwauruwa ta rasu a unguwar ƙasa. Da surukarta take zaune, 'ya'yanta maza sun yi nisa kuma ba su da ƙarfi. Surukar ta ga alamun tun da sassafe, amma wa zai tako gidana? Tsohuwa ta cika a kwance a gefe, a duƙunƙune saboda sanyi. Aka yi kuka da hantsi. Mata suka cika gidan, kowa na jiran wata ta fara taɓawa. Da kafinta ya kawo akwati da azahar, gwiwoyin suka ƙi shiga. Har maza sun soma zancen a karya ƙafa.

Da la'asar sai ga Baba Fasto a tsakar gidana, hula a hannu, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, akwai matsala a unguwar ƙasa."

"Na ji kuka tun safe, Baba. Kunnena ba a dakatar da shi ba."

"Ki taimaka, saboda Allah."

"Wa ke kirana?"

"Ni ne."

"To koma bakin hanya ka kira ni da ƙarfi, da muryar da ake sanarwa. Kada gobe a ajiye mini kujera a tambaye ni wa ya gaya mini."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Zan ba shi wannan, ya yi. Ya koma bakin hanya ya ɗaga murya har masu mashin da ke gindin bishiya suka waigo. Na ɗauki zanen aiki na bi babbar hanya, karo na farko a rayuwata da na je wanka ta ƙofar gaba.

Na sa aka kawo ruwan zafi da man kaɗanya da tsumma. Matan zumunta suna bakin ƙofa cikin yunifom, suna leƙe. Na ce ina son mai riƙe kai. Suka dubi juna. Sai Malama ta cire takalmi ta shigo, ta zauna ta tallafi kan tsohuwar. Ban dube ta ba.

Na daɗe ina gasa gaɓoɓin ina murzawa. Haɓa ta yarda. Hannuwa suka yarda. Gwiwa ɗaya ta saki kaɗan kaɗan, ɗayar ta ƙi. Na yi iyakar abin da na sani, ba zan karya ƙashin mace ba. Na sunkuya na ce wa gawar da yarenmu ta yi haƙuri, ba laifinta ba ne, mu ne muka makara. A lokacin nan, hannuna cikin ruwan zafi, tambayar da ke cina ta yi shiru. Ba wanda ya amsa mini ita. Na dai san abin da zan yi bayan kowane motsi, kuma na san babu wata a garin da ta sani.

Malama ta ce, "Sannu, Yaya."

Na ce, "Miƙo ɗankwali."

A gefe muka kwantar da ita cikin akwatin, da ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Haka 'ya'yanta suka gan ta.

Mako na gaba Baba Fasto ya tsai da ni a bayan majami'a, inda babu kowa. Ya ce dattawa sun duba, an rufe maganar, zan iya komawa cin jibi.

"A ina aka rufe ta, Baba? Ni a gaban jama'a aka buɗe."

"Mama, kada mu sake ta da hankalin ikilisiya. Kowa ya riga ya gane."

"In kowa ya gane, ai faɗin ba zai yi wuya ba. Ina jira."

Yanzu shekara ɗaya ta wuce. Baƙon mai wa'azi yana can yana wa'azinsa, na ji an ce har a rediyo. Malama ita ke karanta nassi a zumunta kamar da, mijinta yana gaishe ni daga nesa. Lahadin ƙarshen wata in an zago da tiren jibi har bencin baya, mai rabawa yakan tsaya a gabana ya ɗan jira. Hannuwana suna kan cinyata. Ina son jibin nan, Allah ya sani, amma ba zan karɓa ta bayan gida ba.

Ana kirana yanzu, bayan an yi kuka, bayan an sanar da dangi, bayan wani namiji ya zo ya tsaya a bakin hanya. Ina zuwa, kuma kullum a makare. Na nemi wadda zan koya wa a cikin matan da ke tasowa, kowacce mijinta ya hana, ko uwarta. Ni kuwa tun ina yarinya a gefen hagu nake kwanciya, a naɗe. Na hana kaina. Rigingine nake kwanciya yanzu, ƙafafu a miƙe, hannuwa a gefe, ko da bayana yana ciwo.